Ruwan Audu Bako: Wa Ya Sha, Wa Aka Bari da Ƙishi?

Ɗan Kura:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan la'asar na je duba albasata, sai na tarar da yara uku suna wanka a kanal. Na tambaye su ko sun san wanda ya kawo ruwan nan garinmu. Ɗaya ya ce gwamnati. Ɗaya ya ce ai kogi ne, haka Allah ya yi shi. Na ukun ya ce Audu Bako, amma da na ce waye shi, iyakar abin da ya sani shi ne Gidan Zu na Kano. Abin ya tsaya mini a rai har dare.

Mutumin nan fa ɗan sanda ne, bai karanta aikin gona ba, ba kuma injiniya ba ne. An haife shi a barikin 'yan sanda na Kaduna a 1924, ya shiga aikin a 1942. Da Janar Gowon ya yanka jihohi 12 a watan Mayun 1967 aka ba shi Kano, wadda a lokacin ta haɗa har Jigawar yau, da masarautunta huɗu: Kano, Hadeja, Gumel da Kazaure. Ya yi shekara 8 a kai, har juyin mulkin Yulin 1975. A cikin shekarun nan aka gina dam ɗin Bagauda, aka fara na Tiga a 1971 aka gama a 1974, aka kafa noman rani na Kadawa. Yau duk mai cin shinkafar Kura ko tumatirin Kwanar Gafan, daga wannan ruwa yake ci.

Ni dai maganata ita ce: tun da aka yi jihar Kano ba a yi jami'in gwamnatin da ya taɓa rayuwar mutumin ƙauye kamar shi ba. Wanda yake da ja, ga fili.

Hajiya Mai Turara:
Wa alaikumus salam. Ɗan Kura, ni ba ni da ja. Shekarata 26 ina turara shinkafa. Da wannan tukunya na aurar da 'ya'ya huɗu, da ita na sauke farali. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana ba mu labarin da can in rani ya yi, gari sai tsofaffi da mata, maza duk sun tafi cirani. Yanzu kuwa mutanen wasu garuruwa ke zuwa mana cirani, har daga Nijar. Allah ya kai haske kabarinsa.

Ɗan Kura:
Amin Hajiya, Allah ya ƙara albarka a tukunya.

'Yar Hadeja:
Amin ga addu'a, ba na hana mamaci rahama. Amma Yaya Ɗan Kura, tunda ka ce ga fili, ni zan shiga.

Ka ce mutumin ƙauye. Wane ƙauyen? Mu ma a 1974 'yan jihar Kano ne, gwamnanmu ne kamar yadda yake gwamnanku. Kakana a yankin Guri yake, manomin fadama ne kuma masunci. Kafin a tare kogi, kowace damina ruwa kan taho ya malale fadama, ya kwanta wata biyu ko uku, sannan ya janye da kansa. Suna shuka shinkafa ruwa ya ɗaga ta. In ya janye su bi danshi da wake da kuɓewa da kankana. Tafkunan da ya bari cike suke da tarwaɗa da karfasa, a kama a banda a kai Nguru a loda wa jirgin ƙasa. In an kwashe amfanin gona Fulani su sauko da shanu su ci kara da ɗanyar ciyawa su bar taki. Fili ɗaya, abinci huɗu a shekara, babu kanal babu kuɗin ruwa.

Gonar nan ta kakana na san ta da idona. Yau in ka tsaya a bakinta ba ka hango ƙarshenta, kachala ce ta fi tsayin mutum, ƙafarta cikin ruwa. Da hantsi za ka ga jan-baki sun tashi daga cikinta kamar hayaƙi, su sauka a gonar wanda ya yi ƙarfin halin shuka gero a kusa. Ƙannena sun sha kwana a kan rumfa suna kaɗa gwangwani. Ruwan da kuke wanka a ciki, mu ma da shi aka raine mu kafin a tsare shi a Tiga.

Ɗan Kura:
Ƙanwata, Allah ya sani ban raina wahalarku ba. Amma kachala ai ciyawa ce. Me ya haɗa ta da Audu Bako? Kuma ki tuna fari na 1973. Ko babu dam ai ruwan ya ragu a shekarun nan.

Injiniya:
Bari in sa baki, don nan ne fannina. Ku duka biyu kuna da gaskiya, amma ta 'Yar Hadeja ta fi nauyi a kan kachala.

Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Hadeja. A da, kogin na damina ne: ya cika ya tumbatsa a Agusta da Satumba, ya ƙafe da rani har yara su yi wasa a yashinsa. Wannan ƙafewar ita ce maganin kachala, domin ba ta jure bushewa, kuma tumbatsar damina kan wanke laka daga hanyoyin ruwa. Da aka yi Tiga, wadda ke riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, sai abin ya juye. Tumbatsar damina ta ragu, da rani kuma ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan ba yankewa, saboda gonaki da kuma ruwan shan birnin Kano da ake ja a Tamburawa. Ruwa marar ƙarfi, marar zurfi, shekara zagaye: babu abin da kachala take so kamar wannan. Ta kafu, ta tare laka, lakar ta toshe tsofaffin hanyoyi. Sai ruwa ya karkata ya bi ta hanyar ruwa ta Marma zuwa tafkin Nguru, ya cinye gonakin wasu, wasu kuma a gaba ya daina isa gare su.

Fari ya taimaka, haka ne. Amma fari yakan zo ya wuce, dam kuwa yana nan. Sai dai a yi adalci: madatsar Challawa ta Ƙaraye a 1992 aka gama ta, shekara 12 bayan rasuwar Audu Bako. Ita da Tiga ne tare suke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Hadeja. Ba za a ɗora masa duka kayan ba.

Baba Malamin Gona:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ke rubuta mini, ni ina faɗa, don idona ya yi rauni. Na ga kuna maganar abin da aka yi a gabanmu.

Ni ƙaramin ma'aikaci ne a lokacin, ban taɓa zama da gwamna ba, saboda haka ba zan ce ya ce kaza ba. Abin da na gani da idona shi zan faɗa. An turo ni Kadawa ina saurayi, lokacin ana gwajin noman rani da ruwan Bagauda, kafin na Tiga ya iso. Turawan Holan ne suka zana tsarin. Aikinmu shi ne mu shawo kan mutane su yarda. Kada ku ɗauka da guɗa aka karɓe mu. Mutum ya gaji gona daga kakansa, da dorawarsa da kukarsa da iyakarsa ta gamba, ka zo ka ce za a kawo katafila a baje ta, a sare itatuwan, a mayar masa da fili an rage wani abu saboda hanya da kanal. Wani dattijo ya riƙe hannuna a gindin dorawarsa ya ce, yaro, in kun sare wannan, kalwar matata fa? Ban iya ba shi amsa ba. An sare ta. Shekara 50 ke nan ina tuna fuskarsa.

Amma kuma na ga 1973. Ku da ba ku gani ba, ku gode wa Allah. Na ga shanu a kwance a bakin hanya, na ga mutanen arewa sun sauko da 'ya'yansu babu komai a hannu. Gyaɗa, wadda ita ce kuɗin talakan Kano, fari ya karya ta, cutar 1975 ta ƙarasa ta, dala ta ɓace. Wanda ya ga wannan, in aka ce masa ga hanyar da za a tsare ruwan damina a yi noma da rani, ba zai tsaya dogon lissafi ba. Ranar da aka fara sako ruwa a yankin da nake kula da shi, cikin sanyin hunturu, mutane suka biyo shi da ƙafa yana tafiya a sabon kanal, yana tura busasshen ganye a gabansa. Wata tsohuwa ta durƙusa ta ɗiba da hannu ta shafa a fuska.

Abu ɗaya da nake so matasa su lura: ruwan nan babu injin da ke tura shi. Daga Tiga yake gangarowa da kansa, ya bi ta ƙaramar madatsar Ruwan Kanya, ya rabu gabas da yamma. Ba ya jiran wuta, ba ya jiran gas. Shi ya sa ya rayu shekara 50, alhali ayyuka nawa aka yi da injuna suka mutu da mutuwar injin.

'Yar Hadeja, 'yata, ban musa miki ba. A lokacin ban taɓa jin an kawo maganar mutanen ƙasan kogi a taronmu ba. Mu a ganinmu ruwan da ya wuce Wudil asara ce. Haka aka koya mana, haka muka ɗauka.

'Yar Hadeja:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan kalma taku ta ƙarshe ita nake nema tun ɗazu. Asara. Mu ne asarar. Na gode da kuka faɗa da bakinku, don da ni na faɗa sai a ce ɓacin rai ne.

Baba Malamin Gona:
Gaskiya ce 'yata, ba a tsufa da ɓoye ta.

Ɗalibin Tarihi:
Allah ya saka wa Baba. Ina da abu biyu, ɗaya zai yi wa Yaya Ɗan Kura daɗi, ɗaya ba zai yi ba.

Na farko. Masu cewa ai kuɗin mai ne ya yi aiki, kowa ma zai iya, su duba shekaru. Farashin mai a ƙarshen 1973 ya tashi. Bagauda kuwa tun ana yaƙin basasa aka sa hannu a kanta, Tiga kuma an fara ta a 1971. Ke nan niyyar ta riga kuɗin. Sannan gwamnoni 12 ne suka samu rabonsu, ba kowa ne ya kai nasa ƙauye ba. Wani abin kuma, ya iya zaɓen mutane. Ya tara 'yan tsohuwar jam'iyyar NPC da 'yan abokiyar hamayyarta NEPU a majalisa ɗaya: Maitama Sule, Tanko Yakasai, Aminu Ɗantata, da Inuwa Dutse a ma'aikatar gona. Mutanen da 'yan shekaru kafin nan ba sa ga maciji. Kuma aikin madatsun da ma'aikatan jiha aka yi shi, waɗanda daga baya aka san su da WRECA, wato hukumar ayyukan ruwa ta jiha. Shi ya sa ko bayan tafiyarsa aka ci gaba da gina irin su Kafin Chiri da Watari, don hannun da ya koyi aikin yana gida.

Na biyu. Da Murtala ya hau a 1975 ya sa aka binciki gwamnonin Gowon. Cikin 12, biyu kaɗai aka wanke, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na jihar Yamma. Audu Bako yana cikin goman da ba a wanke ba. In za mu ba yara tarihi, mu ba su duka.

Ɗan Kura:
Wannan binciken ai na soja ne, cikin fushi aka yi shi, har ma'aikata dubbai aka kora a lokacin ba tare da an saurare su ba. Mutumin da ya bar mulki ya koma noma a jihar Sakkwato har ya rasu a 1980, shi za a kira ɓarawo?

Ɗalibin Tarihi:
Yaya, ni ban kira shi da wannan suna ba, kuma ba zan kira shi ba. Na faɗi abin da ke rubuce ne. Kana iya cewa binciken bai yi adalci ba, da yawa sun faɗa. Amma ba ka iya cewa ba a yi shi ba.

Hajiya Mai Turara:
Ku bar wannan don Allah, mutum yana gaban Ubangijinsa. Ni maganar 'Yar Hadeja ce ta dame ni. Wallahi ban taɓa sanin haka abin yake ba. Buhunan da nake saye wasu daga Hadeja ake kawo su, na ɗauka ku ma kuna cikin daɗi kamar mu.

'Yar Hadeja:
Hajiya, akwai masu jin daɗi. Wajen Auyo akwai aikin noman rani na kwarin Hadeja, suna samun shinkafa da alkama sosai. Masu injin ban ruwa ma da suka haƙa rijiya a fadama suna samu. Amma wannan noman mai jari ne: inji, fetur, taki, magani. Noman kakana na marar jari ne. Wanda ba shi da ko sisi yana iya ɗaukar homa ya ci kifi, matarsa ta yanko kaba ta saƙa tabarma, ɗansa ya yi kiwo. Irin wannan arzikin ba ya shiga littafin gwamnati, don babu wanda ya auna shi a buhu. Da ya tafi ma babu wanda ya rubuta cewa ya tafi.

Injiniya:
An auna daga baya, sai dai an makara. A farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki sun lissafa abin da fadamar Hadeja zuwa Nguru ke bayarwa, noma da kifi da itace, suka kwatanta da abin da aikin Kogin Kano ke bayarwa a kan kowane ma'aunin ruwa. Fadama ta fi, kuma ba da kaɗan ba. Dalili shi ne ruwan fadama aiki da yawa yake yi a tafiya ɗaya, har da sauka ƙasa ya cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogi. A kanal kuwa ruwa mai yawa rana ke shanyewa ko ya zurare ta tsaga. Ga shi kuma kashi na farko na aikin hekta 22,000 aka tsara, aka daɗe ba a kai ko kusa ba, alhali dam ɗin an gina shi ne don fiye da haka.

Ɗan Kura:
To Injiniya, so kake ka ce da ba a gina ba? Ka zo Kura ranar kasuwa ka faɗi haka. Ka ƙirga injinan casa, ka ƙirga motocin da ke lodi a Kwanar Gafan zuwa Legas, ka ƙirga yaran da ke tsinkar tumatir su biya kuɗin makaranta. Birnin Kano mai miliyoyin mutane me zai sha?

Injiniya:
A'a, ban ce haka ba. Da ni ne a 1970, da ilimin 1970, da na gina. Abin da nake cewa shi ne dam ba kamar gini ba ne da za a gama a kulle a tafi. Yana da baki, kuma kullum akwai mai yanke shawarar yaushe za a buɗe, nawa za a saki. An daɗe ana ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai ƙarfi a tsakiyar damina don fadama ta samu malalarta, a kuma tsuke shi wani lokaci da rani don hanyoyin su bushe. Wannan shawara ba ta hannun Audu Bako. Tun 1976 aka kafa hukumar kogunan Hadeja da Jama'are, Tiga ta koma hannun tarayya. Kusan shekara ɗaya kacal ya yi a kan mulki bayan an gama dam ɗin.

Masuncin Bade:
Ina karantawa tun safe ban ce komai ba. Ni daga Gashuwa nake. 'Yar Hadeja, ku kuna kukan ruwa ya kwanta muku ya ƙi tafiya, mu muna kukan bai iso ba. Yanzu yawancin ruwan da muke gani daga kogin Jama'are yake zuwa, shi ya sa duk ranar da aka ta da maganar ƙarasa dam ɗin Kafin Zaki a Bauchi gabanmu ke faɗuwa. Mutanen Bauchi kuma suna cewa Kano ta yi nata, don me za a hana su? Ka ga inda abin ya kai. Kowa Audu Bakon jiharsa yake nema, babu mai neman na kogin gaba ɗaya.

Mahaifina da kwale-kwale biyu ya rasu. Ɗaya na sayar, ɗaya yana kife a bayan gida, kaji ke kwana a ƙarƙashinsa.

Ɗan Diffa:
Sallama daga Nijar. Kogin da kuke magana shi ne Komadugu a wajenmu, shi ne iyaka tsakaninmu da ku kafin ya shiga tafkin Chadi. Tattasan da ake kai muku daga Diffa da ruwansa ake noma shi. Dattawanmu suna lissafin shekara da ranar da ruwa ya iso da ranar da ya ɗauke. Yawancin manomanmu ba su taɓa jin sunan Tiga ba, amma abin da aka yi a can yana isowa gonarsu.

Hajiya Mai Turara:
Ikon Allah. Ashe ruwan da ke wucewa ta bayan gidana har Nijar ake jiransa.

Ɗalibin Tarihi:
Akwai kuma waɗanda ba mu ambata ba: mutanen da ruwan Tiga ya cinye garuruwansu da gonakinsu da maƙabartunsu aka tashe su. Tafkin ya kai murabba'in kilomita 178, ba daji ne wofi ba. Kuma ko a cikin Kadawa, masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello sun nuna tun ƙarshen shekarun 1970 cewa ƙaramin manomi da ba ya iya sayen taki da biyan tarakta yakan ba da hayar filinsa ga mai kuɗi, shi ya koma ɗan ƙwadago a gonarsa. Abin da ya bambanta mu da dam ɗin Bakolori na tsohuwar jihar Sakkwato, inda aka zubar da jinin manoma a 1980 kan maganar fili da diyya, shi ne a nan abin bai kai ga haka ba.

Baba Malamin Gona:
Yaron nan ya faɗi gaskiya kan haya. Na gani. Da rani fili na mai kuɗi ne daga birni, da damina ya koma wa mai shi. Kuma mu ma mun yi kuskure: mun nace sai alkama, don ita gwamnati ke so, a rage sayowa daga waje. Alkama kuwa sai an shuka ta a kan lokaci cikin sanyi, ga dawar mutum ba ta isa girbi ba, ka ce ya cire ta? Ba zai cire abincin gidansa ba. Manoma da kansu suka gano tumatir da albasa da shinkafa sun fi musu. Arzikin Kura da kuke gani, ruwa na gwamnati ne, amma dabarar ta manoma ce da matan da suka kama turara.

Sai tsargiya. Ɗan Kura, yaran da ka gani suna wanka, ka gaya wa iyayensu. Na ga yara da yawa suna fitsarin jini a garuruwan bakin kanal, wasu iyaye har suna ɗauka alamar balaga ce. Akwai magani, a kai su asibiti.

Ɗan Kura:
In sha Allahu Baba, yau ɗin nan zan je gidajensu, na san iyayen.

Na yarda na yi saurin cewa mutumin ƙauye kamar mu kaɗai ne ƙauye. Amma ban janye ba. Ku nuna mini wani da ya yi aikin da bayan shekara 50 ake rigima a kan rabonsa. Yawancinsu ko abin rigimar ba su bari ba.

'Yar Hadeja:
Gwamna Abubakar Rimi fa? Shekara 4 bai cika ba, ya soke haraji da jangali, ya kai wuta ƙauyuka, ya buɗe yaƙi da jahilci har UNESCO ta ba da lambar yabo, a zamaninsa aka kafa KNARDA, hukumar raya noma da karkara ta Kano. Kakata har ta rasu ba ta daina maganar ranar da aka daina kamun haraji ba. Ita a wajenta wannan ne ci gaba, don ya iso har ɗakinta, bai kuma ɗauki komai daga hannun wani talaka ba.

Ɗan Kura:
Rimi ya yi, ba na musu. Amma shi ya sauke wa talaka kaya ne, Audu Bako kuwa ya ba shi abin nema. In aka ce in zaɓa, na san wanda zan zaɓa.

'Yar Hadeja:
Don kana saman kogi ne, Yaya.

Ɗan Kura:
Haka ne. Ban musa ba.

Injiniya:
Wani abin da ya kamata ku sani ku biyu: ba a bar maganar haka kawai ba. A 2006 jihohi shida da kogin ya shafa, Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato, sun zauna a Damaturu suka kafa asusun kula da shi. An kuma yi aikin gyara noman rani mai suna TRIMING da Bankin Duniya, aka gyara kanal a Kano da Hadeja, aka ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Kuma kada a manta Bagauda ta ɓalle a daminar 1988 ta yi ɓarna. Duk abin da aka gina yana neman mai dubawa kullum. Ɗan Kura, kana biyan kuɗin ruwa? Kana fita yashe ƙaramin kanal ɗinku?

Ɗan Kura:
Ina biya, kuma ni ne ma'ajin ƙungiyarmu. Amma ba zan ɓoye ba, akwai masu fasa gefen kanal da dare, akwai masu barin ruwa ya kwana yana zuba a gona bayan ta ƙoshi. Mu na kusa da baki muna ɓarna, na ƙarshen layi a Bunkure ko Garun Malam yana jira. Ban taɓa kawo wa raina cewa layin ya wuce nan har Gashuwa ba.

Masuncin Bade:
Ya wuce, Malam. Har Diffa.

'Yar Hadeja:
Yaya Ɗan Kura, kowace shekara mutanen garuruwanmu kan yi gayya su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda suna yanke kachala don su buɗe wa ruwa hanya. Matsattsaku na kama su, kaifin ganyen na yanka hannu, bayan 'yan watanni ta sake tsirowa. In an sa ranar ta bana zan sanar a nan. Ka zo da mutum biyu ko uku daga ƙungiyarku ku gani. Ba sai kun shiga ruwa ba.

Ɗan Kura:
In na zo zan shiga. Ta ina ake bi, daga Hadeja sai ina?

'Yar Hadeja:
Ka kama hanyar Nguru, in ka iso Birniwa ka kira, ƙanena zai tare ku da babur. Ku taho da doguwar riga mai kauri da takalmin roba.

Baba Malamin Gona:
In akwai wuri a motar ku ɗauke ni. Shekara 9 na yi ina sakin ruwan nan a gonaki, ban taɓa zuwa na ga inda yake ƙarewa ba.